Na Je Alƙahira Neman Tabo

Tun da muka dawo bakina bai huta ba. In na fito daga masallaci, "Alhaji Shu'aibu, yaya Masar?" In na buɗe shago, kafin in kakkaɓe yadi ɗaya an cika mini benci, kuma ba mai sayen ko ƙyalle. Jiya har mai rake ya jingine baronsa ya ce shi ma a ɗauko masa daga farko. To na gaji. Ga shi na rubuta, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in ci gaba da awon shaddata. Masu cewa ina cika gishiri kuma su kwantar da hankalinsu, wannan karon rabin cokali na sa.

Jikata ce ta kai mu. 'Yata Safiya ta haifi 'yar fari, aka mayar mata da sunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, don haka Mami muke kiranta. Tun tana ciki aka hango wani abu a sikan, aka ce a bari ta iso tukuna. Da ta iso sai ga magana ta fito: duk abin da ta tsotsa sai ya dawo. Tsofaffin Unguwar Mu'azu suka ce tumbuɗi ne, alamar ƙiba ce. Amma tumbuɗin da zai tsallake uwa ya sami kaka a bakin ƙofa ya wuce tumbuɗi. Riguna bakwai ta wanke mini kafin ta yi wata guda. Ina ta raha da abin a majalisa, alhali in na ɗauke ta sai in ji kamar na ɗauki zanin goyo babu kowa a ciki.

Likitar yaran da ke duba ta ta zana mana abin a takarda. Wata 'yar jaka ce cike da ruwa, da ita aka halicci yarinyar, tana manne a jikin tumbi tana danne hanyar da nono zai wuce. Ba kasafai ake ganin irinta ba. Ta ce dole a cire, in ba haka ba yarinya za ta yi ta ramewa ga nono a bakinta. Ana iya buɗe cikin a nan gida, amma akwai malaminta a Alƙahira mai yin irin aikin ta ƙananan huji, da kayan aiki daidai jikin jarirai, kuma ganin yadda Mami ta rame ta fi son a bi ta nan. Ni duk cikin bayanin nan "a cire" kawai na riƙe.

Dalili kuwa, ni tsohon hannu ne a harkar tiyata. Zamanin ina aiki a masaƙa a Kakuri afendis ya fashe mini, aka tsaga ni daga nan har can. Tabon yana nan kamar layin dogo, har da tashoshinsa. Da shi nake kashe gardama a majalisa shekara da shekaru. Ko maganar ƙwallo ake, in aka ƙure ni sai in ɗaga riga in ce, "Wanda aka taɓa buɗewa kamar akwati ya yi magana." A sanina, girman aiki girman tabo.

Mijin Safiya fasfonsa bai fito ba, ni kuwa nawa na nan tun Hajji, ga shi na riga na shaida wa duniya ina jin Larabci. Hajiya Asabe, mai ɗakina, ta ce ƙafarta ƙafar Safiya, don saura kwana takwas a yi arba'in, kuma ba a haifi ƙasar da za ta katse wa 'yarta wankan jego ba.

Bitrus ne ya kai mu tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. Bitrus na Narayi, wanda muka yi shekara goma sha biyu a kan inji ɗaya a masaƙa. Da ya ga jakunkunan Hajiya sai ya cire hula ya sosa kai.

"Madam, asibiti za ku ko reshen Kasuwar Barci za ku buɗe a can?"

"Kai dai ɗauka, Bitrus. Wannan ta kanwa ce, kar ka jefar mini."

Ya ce matan zumunta na cocinsu sun yi wa Mami addu'a ranar Lahadi, kuma shi ba zai juya ba sai ya ga shigarmu filin jirgin Abuja. Haka ya bar motarsa ya bi mu. Kafin mu kai rabin hanya Mami ta yi wa rigata ta takwas hatimi. Riguna biyar na ɗauko, ta shida kuma wata shadda ruwan toka da ban taɓa sawa ba, na naɗe ta a ƙasan akwati na ce sai ranar dawowa.

A filin jirgi ni na riƙe fasfo huɗu a matsayina na shugaban tawaga. Jami'ar da ke dubawa, wata 'yar Kudu mai fara'a, ta leƙa fuskar jaririya ta ce, "Baba, yaya sunanta?"

"Mami."

Ta duba fasfo, ta dube ni. "Ba shi ne a nan ba."

"Na nan ɗin shi ne na gaskiya, ranki ya daɗe."

"To faɗe shi."

Jama'a, ni da furfurata in kama sunan uwata gatsau a bainar nasi? Na juya wajen Hajiya. Ta zaro ido. "Sunan surukata? A bakina? Ka taɓa ji?" Muka juya wajen Safiya, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. 'Yar fari ce, ga kuma sunan kaka. Fara'ar jami'a ta fara gudu. Ku ma ku duba: manya uku za su fita ƙasa da jaririya, an rasa mai iya faɗin sunanta. Da na ga hannunta ya nufi oba-oba, sai na zaro waya na kira Bitrus na sa a sifika.

"Bitrus, don girman Allah yaya sunan Mami?"

"Kai Alhaji! Ka manta sunan mamanka?"

"Ba ni za ka faɗa wa ba, hukuma ce ke tambaya!"

Ya rangaɗa sunan har na bayan layi suka ji, ya ƙara da cewa marigayiyar ta sha ba shi tuwo da miyar kuka in albashi ya yi nisa, kuma ba a yi mace mai hannun kyauta irinta ba. Wani babban jami'i Bahaushe da ke gefe ya yi dariya har ya dafa tebur, sannan ya yi wa abokiyar aikinsa bayani. Ta buga hatimi tana girgiza kai.

Jirgin sama ba abin faɗi, sai dai riga ta tara ta tafi a sararin samaniya. A Alƙahira ne jakar Hajiya ta shiga na'ura ta ƙi fitowa. Aka baje ta a tebur: kanwa ungurnu dunƙule-dunƙule, busasshen ganyen darbejiya na wanka, garin kuka, yajin jego, daddawa. Na gyara murya na tattaro Larabcina, sai na tarar duk na salla ne. Ba yadda za ka yi bayanin daddawa da Larabcin tahiya. Wani ya kwance ƙullin daddawar ya ja da baya taku uku. Wani jarumi ya dangwali yaji ya kai baki, muka bar shi yana neman famfo. Daga ƙarshe suka riƙe ganye da kanwa cikin ladabi, daddawa kuwa da hannu biyu suka miƙo mana, don ba wanda ya yarda ta kwana a ofishinsa. Hajiya ta yi ta juyayin kanwarta har masauki kamar an yi mata rasuwa.

Masaukin ɗaki biyu ne a hawa na shida, kusa da asibiti. Mai gidan wata bazawara ce, Ummu Tariƙ, mace mai jiki da murya, in ta yi maka sannu sai ka ɗauka ka ci bashinta. Lif ɗin gidan ina jin da shi aka kai wa Fir'auna kaya. Mai gadin ƙofa kuwa da ganina ya rungume ni ya sumbaci kumatuna dama da hagu. Na tsaya ƙiƙam kamar an dasa ni, Hajiya ta ce, "Shekara talatin ban yi maka haka a gaban mutane ba, ga wani ya riga ni." Direbobinsu da ham suke gaisawa, da ham suke faɗa, da ham suke ba da haƙuri. 'Yan Keke Napep ɗinmu na gadar Kaduna waliyyai ne. Abin da ya burge ni shi ne kwandon da mata ke zurowa da igiya daga bene, mai kanti ya zuba gurasa su janye. Na ce wa Hajiya in muka koma za mu gwada, ta tuna mini gidanmu ba bene.

Washegari da sassafe, kafin mu tafi asibiti, Hajiya ta ɗora ruwa a duk tukunyar da ke gidan, har da butar shayi. Ba ganye, amma ta ce ruwan zafi ba ya buƙatar biza. Tururi ya cika banɗaki, ya cika falo, ya fita ta taga kamar ana gashin tubali. Sai ihu daga benen da ke kallonmu. Kafin in sa hula an kusa ɓalle ƙofa: Ummu Tariƙ ce da bokiti, mai gadi da bargo, bayansu rabin unguwa. Hajiya ta fito daga cikin tururin ta nuna jaririya, ta nuna Safiya, ta ɗaga yatsu goma sau huɗu. Ummu Tariƙ ta ajiye bokiti ta dafa ƙirji ta ce, "Arba'in!" Ta kori maza ta sauka. Ba a jima ba ta dawo da kofi cike da wani kunu mai kauri ruwan ɗorawa, man shanu na yawo a kai, an barbaɗa masa riɗi da gyaɗarsu. Mugat suke ce masa, shi ne kunun kanwar masu jegonsu. Hajiya ta kurɓa, sannan ta ce, "Ba laifi. Da da kanwa da ya fi." Daga ranar suka ƙulla ƙawance, wannan na Hausa waccan na Larabci, kuma ban taɓa jin ɗaya ta ce ba ta gane ba.

Abinci kuwa, mutanen nan da wake suke karya kumallo kamar masu shirin dambe. Akwai wani da ake haɗa shinkafa da taliya da makaroni da ƙananan wake a kwano ɗaya, kamar an share sito. Ranar da Ummu Tariƙ ta kawo mana miyar da suke ji da ita, wadda ta ce ta sarakuna ce, na ɗaga cokali na ga tana yauƙi. Lalo ce! Lalon da ke fitowa a bayan katangarmu ba wanda ya shuka. Hajiya ta jefa mata daddawa a ɓoye ta zama mutum.

A asibiti aka kwantar da Mami, aka sa mata ƙarin ruwa, aka yi ta gwaje-gwaje kwana biyu. Muna tsaye a baranda Hajiya na yi mini faɗan na bar hulata a lif, sai muka ji an ce, "Sannunku da zuwa, mutanen gida." Wata nas ce baƙa doguwa, Malama Hawwa, Bahaushiyar Sudan. Kakanninta sun taso daga ƙasar Katagum a ƙafa za su Makka, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gari. Hausarta irin ta kakata ce, ba ko ɗigon Turanci. Ita ta zama bakinmu da kunnenmu.

Likitan ɗan gajere ne mai sanƙo, yatsunsa sirara kamar na mai ɗinkin hula. Ya yi bayani, Malama Hawwa na juyawa: huji uku, ɗaya a cibiya a zura kyamara, biyu a gefe a zura kayan aiki. Ya ce in abin ya ƙi, za su buɗe, amma yana sa ran ba za a kai ga haka ba. Na yi ta gyaɗa kai irin na masana. A raina na ce hujin nan na leƙe ne, kamar yadda ake leƙa tukunya kafin a kwashe tuwo. Aikin gaske na zuwa daga baya.

Ranar aikin an hana Mami nono tun kafin gari ya waye. Ta yi kuka har muryar ta shige, ta koma buɗe baki kawai. Safiya ta miƙa ta ga Malama Hawwa a bakin wata ƙofa mai murfi biyu, ta juyo ta ce, "Baba, za ta dawo ko?" Ni da ban taɓa rasa abin faɗi ba, na laluba aljihun raha na ji wayam. Na ce, "Da yardar Allah." Muka zauna a benci. Hajiya na jan carbi, Safiya ta zuba wa ƙofa ido, ni kuwa ina tuna ranar da na raka mai sunan zuwa makwancinta, ina roƙon Allah kada ya sa in rasa sunan nan sau biyu.

Bayan wajen awa biyu da rabi likita ya fito yana murmushi ya ɗaga babban yatsa. Safiya ta durƙushe a wurin. Sai bayan azahar aka bar mu muka shiga mu ga Mami. Tana barci, da 'yar roba a hanci. Malama Hawwa ta ɗaga zani a hankali. Na gyara tabarau ina shirin ganin layin dogo. Filasta uku na gani, kowace ba ta kai farcen babban yatsana ba.

"Malama Hawwa, yaushe za a yi aikin?"

"An gama, Alhaji."

"An gama leƙawa. Aikin fa?"

Na ce shi ke nan, sun ga baƙi, sun leƙa sun ga abin ya fi ƙarfinsu, sun manna filasta za su sallame mu. Na ce a kira mini likita. Hajiya na ja mini riga ina fizgewa. Da ya zo na ce wa Malama Hawwa ta juya masa kalma da kalma, kada ta rage.

"Gaya masa daga Kaduna muka zo, ba daga bayan gari ba. Gaya masa na san tiyata." Na kama babbar riga da 'yar ciki na yaye har wuya a gaban nas huɗu. "Ga aiki! Ina nasa?"

Hajiya ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Na shiga uku, har Masar!"

Likitan bai yi dariya ba. Ya sunkuya ya bi tabon da yatsa daga tasha zuwa tasha, ya ce wanda ya yi wannan ya ceci raina da abin da yake da shi a lokacin, in riƙa yi masa addu'a. Sannan ya ja ni ofis ya kunna talabijin. Jama'a, na ga cikin jikata kamar ɗakin da aka kunna wa fitila. Sun hura masa iska ya buɗe. Ga tumbi, ga jakar a jikinsa ta yi tsuru kamar ƙwan zabo. Wasu tsinkaye biyu masu baki kamar na hantsaki suka shigo suna rarrabe ta sannu a hankali, suka zuƙe ruwan ta yamutse, suka ɗinke wurin daga ciki, sannan aka jawo fatar ta cibiya. Ya nuna mini ita a 'yar kwalba kafin a kai ta awo. Abin da ya hana mu barci wata guda bai fi balan-balan ɗin da ta fashe ba.

Hajiya da ta biyo mu ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kai ne kullum kake gaya wa masu sayen yadi cewa telan ƙwarai ba a ganin zarensa. Yau ga tela, kana neman zare."

Na sauke rigata. Likita ya ce kada kwalba ta ruɗe ni, shaidar gaskiya tana wajen nono. In ya shiga ya zauna, an yi aiki.

Kwana uku muka jira. Aka cire wa Mami robar hanci, aka fara ɗiga mata nono da sirinji kamar ana ba ɗan tsako. Rana ta huɗu da hantsi aka ce Safiya ta ba ta da kanta. A lokacin rigunana duk sun ƙare, don na yi ta ɗaukarta kafin aikin, saura shaddar ƙasan akwati. Na sa ta. Hajiya ta ce, "Ka haukace? Ta dawowa ce fa." Na ce yau ko ni ko ita.

Mami ta kama nono kamar mai bin bashin wata guda. Da ta saki na ce a ba ni ita. Malama Hawwa ta miƙo tawul na ture. Na ɗora ta a kafaɗa, a kan aikin wuyan da ko ruwa bai taɓa gani ba, ina shafa bayanta. Aka zuba mana ido. Minti ɗaya, minti biyar. Sai ta buɗe baki ta yi wata gyatsa irin ta ɗan dako da ya gama da kwanon teba. Kowa ya leƙa kafaɗata. A bushe take ƙayau. Safiya na dariya hawaye na zuba, Hajiya ta rangaɗa guɗa a asibitin mutane, sai ga Ummu Tariƙ da ta kawo mugat ta amsa mata da irin tasu daga baranda. Na kira Bitrus, da jin guɗar ya gane, na ji yana ƙwala wa matarsa kira.

Masu tambayata dalar Fir'auna, na hango ta daga nesa ta tagar mota. Tana nan lafiya.

Ranar da muka iso gida an cika tsakar gida har zaure, ni kuwa ina cikin shaddata an wanke an goge. Goggon mijin Safiya, tsohuwar da ta fi kowa cewa tumbuɗin ƙiba ne, ta ce a miƙo mata yarinya ta ga abin da aka je yi har Masar. Na zauna kusa da ita na ɗora Mami a cinya. Ta kwance mata riga, ta kwance famfas, ta kawo fuska kusa, ta nemi tabo sama da ƙasa. Ta ari tabarauna ta sake nema. Ɗigo biyu ta samu kamar cizon sauro, na cibiya kuwa ya ɓace a cikin cibiya.

"Alhaji, anya an yi wa yarinyar nan aiki?"

Bitrus ya ce, "Mama, bar shi ya amsa. Alhaji, ɗaga riga mana!"

Na buɗe baki ke nan zan fara bayanin kyamara, sai na ji ɗumi na bin cinyata. Mami ce, da ta sha ta ƙoshi tun daga Abuja, ta saki fitsari tun daga aljihu har gwiwa, ta kuma kafe ni da ido ba ko kunya. Gida ya kaure da dariya. Hajiya ta taso da tsumma na ce ta bari.

"Goggo, ga shaidar da kike nema. A da ta sama yake fitowa, yau ga shi ta ƙasa."

Shaddar tana nan rataye a shago, ruwan tokar ya ɗan canja a gaba. Wanda bai yarda da labarin nan ba ya zo ya gani, don ita nake ɗagawa yanzu in gardama ta yi zafi.